Ranar da Kalangu Ya Yi Shiru

To, ku gyara zama, yau da abin gardama na zo muku. Wanda ya san zai ce mini duk ɗaya ne, gara ya ɗauki takalminsa tun yanzu.

A unguwar mahauta ta Tudun Baure akwai wata mata, Lantana, matar Sahabi ɗan dambe, wanda ake wa laƙabi da Guduma. A fili Guduma ne, a gida kuwa ko kaza ce ta shiga ɗaki sai ya lallaɓa ta ta fita. Lantana na son mijin nan nata kamar me, amma ta tsani zaren da yake naɗe hannu da shi. Tana da tsohon ciki na fari aka shiga kaka, lokacin da 'yan dambe ke bin gari-gari. A wani wasa aka sami Sahabi a ka, ya dawo kansa na sara, hasken rana ma ba ya so. Aka kira Ilyasu wanzami ya yi masa ƙaho, ciwon ya ɗan lafa. Duk da haka Lantana ta sa shi gaba da kuka har ya yi mata alkawarin ba zai shiga fili ba sai ta sauka. Ranar kasuwa da la'asar ya ce zai je kallo kawai. Kallo kawai! Ita ma ta san ɗan dambe bai iya kallo ba.

Abin da ya faru a filin, daga baya ta ji shi a bakin mutane har ta haddace. Mamuda mai kalangu, wanda ke wa Sahabi kiɗa tun yana yaro, ya hango shi cikin 'yan kallo, hannu ya yi masa ƙaiƙayi, ya saki takensa. Ai kuwa Sahabi ya tuɓe riga. Abokin karonsa baƙo ne, Zakari Bahago, wanda ba a taɓa kai shi ƙasa ba. A turmin farko, wato zagayen farko na karon, Zakari ya same shi a gefen kai, dab da kunne. Sahabi bai faɗi ba, fili ya ɗauki sowa. Amma Mamuda ba fuska yake kallo ba, ƙafa yake kallo, ya ga ƙafar da ta saba bin kiɗansa shekara da shekaru yau ta saɓa. Sai ya ɗora tafin hannu a kan fatar kalangu, kiɗa ya ɗauke ɗif. Makaɗi kuwa ba ya yanke kiɗa ana tsakiyar turmi. Ya sha zagi, ya sha jifa da takalmi, masu shirya wasan suka ce kada ya ƙara taka musu fili.

Zakari ya riga ya ja hannu baya zai gama aiki, shirun nan ne ya sa ya dubi idon Sahabi. Ya ga mutum yana kallonsa amma ba shi yake gani ba, hannun kariya kuma ya sauka. Ya san in ya tsaya kawai za a ce a ci gaba, Guduma kuwa ba zai ja da baya ba ko zai mutu. A dambe, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa shi aka kashe. Sai Zakari ya yi kamar ya zame, ya dafa ƙasa. Sunan da ya daɗe yana ginawa ya zube nan take. Mutanen garinsu suka ce an saye shi, suka shige mota suka bar shi.

Aka kawo wa Lantana mijinta a kafaɗa ana kirari. Ta dangwara masa tuwo cikin fushi. Ya yi loma biyu ya ce, "Wai wa ya yi kisa?" Ta gaya masa shi ne. Jim kaɗan ya sake tambaya. Sai amai, sai barci ya fara fizgarsa yana zaune, fushinta ya koma tsoro. Baffansa, Sarkin Fawa, ya ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya zuƙe, yaro ya yi barci ya huta. Ilyasu ya zo ya buɗe zabira, ya ɗaga fatar idon Sahabi, ya ga baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Ya mayar da askarsa.

Ya ce, "Baba Sarki, wannan jinin ƙahona ba ya kai gare shi. A ciki yake. Asibiti za a kai shi yanzu."

Sarkin Fawa ya ce, "Kai Ilyasu, ubanka bai taɓa mayar mini da magana ba."

Ilyasu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Gobe ka kore ni, yau dai ka ba ni shi."

Lantana ta ruga ɗaki ta ɗauko sabon zanin goyon da ta ajiye wa jariri. Da shi aka ɗaure wa Ilyasu ƙaton mijin nan nata a baya, ya tayar da babur, Sarkin Fawa na faɗin askar Ilyasu ta gama taɓa kan 'yan gidan.

A asibitin birni likitoci suka ce jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, suka buɗe suka cire. Suka ce da an ƙara masa naushi ɗaya, ko da an bar shi ya kwana, da sai dai wani labarin, kuma ciwon kan farkon nan gargaɗi ne aka yi biris da shi. Sahabi ya tashi. Dambe ya ƙare masa, maganarsa ta ɗan yi nauyi, ranar nan kuwa ta goge daga kansa sam. Lantana ba ta damu ba, tunda ga shi nan yana korar mata kaji.

Ta haifi namiji. Sahabi ya ce sunan wanda ya ceci ransa zai sa wa yaron, amma ya ce, "Ni ban tuna komai ba, Lantana. Ke kika ji, ke za ki zaɓa."

Ta yi dariya har da hawaye ta ce, "Ni da kunyar ɗan fari ba za ta bar ni in kira sunan da bakina ba?"

Ana gobe suna sai ga su duka a zaure: Mamuda da kalangunsa, Zakari da ƙaton rago, Ilyasu da zabirarsa, Sarkin Fawa kuma ya yi kamar ya manta abin da ya faɗa. Lantana na daga ɗaki tana jin dariyarsu, tana shayar da ɗanta, tana aunawa. Ba don Mamuda ya yanke kiɗa ba da Zakari bai duba ba, amma ai shi ya kira mata miji fili. Zakari ya ba da sunansa fansa, amma hannunsa ne ya yi ɓarnar. Ilyasu ya bijire wa gidan da iyayensa suka yi wa aski, amma ƙahonsa na farko ne ya sa aka ɗauka an warke. Ta so su duka, ta ji haushinsu duka, kuma ba don su ba da maraya take rungume da shi.

Gari na wayewa liman zai tambaya, suna ɗaya kuma zai raɗa, kada wani ya ce mini a jera wa jariri uku. To, ku da kuke zaune: Mamuda, Zakari ko Ilyasu, sunan wa ya fi cancanta yaron nan ya amsa har ƙarshen ransa?