Ta'aziyya a Sararin Samaniya

Ga ta nan, ga ta nanku. Baba, kai ke amsa mini, yau babu kai. To, ta zo mu ji ta.

Wasu 'yan sama jannati ne su biyu, Jatau da Mantau. Wata rana farantin da ke tara wa tasharsu wuta daga hasken rana ya kwance. In ba a ɗaure ba wuta ta ɗauke, sanyi ya kashe su. Sai Mantau ya sa rigar fita, ya rufe kwalkwali, ya goya iskar awa ɗaya. Jatau na ciki yana lura da agogo.

Mantau ya kama notin farko ke nan, sai shugabansu na ƙasa ya shigo rediyo: "Mantau, ya haƙuri? Allah ya jiƙan tsoho."

Mantau ya ce, "Wane tsoho?"

"Mahaifinka mana. Au, ba a gaya maka ba?"

Jatau ya dafe kai. A can sama hawaye ba ya gangarowa, taruwa yake ya rufe ido, hannu kuma ba ya shiga kwalkwali. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum na rataye a waje!"

Mantau ya lalubi noti, ya ɗaure.

Yana kan na biyu, sai aka haɗa shi da kawunsa: "Ɗana, da sunanka a baki ya cika."

Jatau ya ce, "Kawu, don Allah a bari ya shigo!"

"Kai wane ne da za ka hana gaisuwa? Marar tarbiyya!"

Mantau ya ɗaure, da ƙyar.

Na uku, sai ga muryar gwaggo, ta fasa kuka tun kafin sallama. Mantau ya ce, "Jatau, ba na ganin komai." Iska saura ta minti bakwai.

Sai Jatau ya fizge wayar ƙasa. Ya ce, "Ni ne idonka. Hagu. Hagu na ce, Mantau! Sama kaɗan. Murɗa."

Noti ya zauna. Mantau ya bi igiya da lalube har ƙofa. Jatau ya cire masa kwalkwali, ya share masa ido da hannun rigarsa.

Ya ce, "To, yanzu yi kukanka. Ya haƙuri?"

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Mai gaisuwa ya duba inda mai makoki yake tsaye. Wannan ban ba kowa ita ba tukuna.