Hasumiyar Tunau da Sarkin da ke Ƙarƙashinta

Da sunan Allah, Magajin ƙasa da abin da ke kanta. Magabata sun ruwaito cewa tun Musulunci bai iso ba, inda Birnin Dargaza yake a yau kurmi ne, kuma wata baƙar ɓauna ta tsare idon ruwan da ke cikinsa. Maharbi Tunau ne ya kashe ta, Tunau na Gwamma, dafi sha da kallo. An ce da ta faɗi, sai ruwan ya tumbatso har ya wanke kibiyar. Mutane suka taru, suka ce ya zama sarki. Ya ce, "Ni da buzun sarauta ba mu saba ba. Ku ba ƙanena Jatau."

Jatau ya yi ganuwa, ya kafa kasuwa, amma bakin talakawa bai bar ambaton Tunau ba. Da Tunau ya rasu aka binne shi a bayan gari, kuma duk mai wucewa sai ya ɗora dutse guda a kan kabarinsa, alamar gaisuwa. Tsibin ya yi ta girma har ana hango shi daga soron fada. Kullum Sarki ya hango shi sai tuwo ya fita ransa, domin tsoronsa kada ya mutu sunansa ya bi shi rami.

Ya kira Barmo, Sarkin Magina, ya ce a gina masa hasumiya a kushewar sarauta, kuma da duwatsun tsibin nan.

Barmo ya ce, "Zaki, dutse na da yawa a dawa. Waɗannan kuwa da mai su."

"Mataccen ne zai biyo sawu? Kwashe!"

Aka kwashe har kabarin ya baje, aka gina hasumiya wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Sarki ya fito kallo da rana tsaka, sai ya tarar da wata tsohuwa mai tallar daddawa tana ajiye dutse a gindinta. Fuskarsa ta washe.

"Iya, tun ina raye kike gaishe ni?"

"Kai kuma, ranka ya daɗe? Ai Tunau nake gaisarwa. Wannan jan dutsen na sama, mijina ne ya ɗora masa. Sannu da zumunci, da can sai mun fita bayan gari, yanzu ka kawo mana shi kusa."

Sarki ya so rushe hasumiyar, amma ya riga ya rantse gaban fadawa cewa nan ce makwancinsa, kuma da ya rasu nan aka sa shi.

Kushewar tana nan gabas da fada, kowane sarki da ɗakinsa da sunansa. Hasumiyar ce kaɗai ake kira da sunan wanda bai taɓa sarauta ba. Idan baƙo ya tambayi kabarin Sarki Jatau, sai a ce masa, "Tafi gindin Hasumiyar Tunau." Muna neman tsarin Allah daga hassada. Wallahu a'alamu.