Gurgun Ranar Kasuwa

An yi wani mutum a wani ɗan gari na manoma, mai kasuwa ɗaya da wata tsohuwar rijiya da baƙi ke zuwa ziyara suna neman waraka. Ƙato ne, lafiyarsa ƙalau, da ƙafafu kamar turmi. Amma fartanya ta fi ƙarfinsa. Tir!

Ran kasuwa sai ya naɗe ƙafafun nan da tsumma, ya shafa toka, ya ja gindi tun daga rumfar masu hatsi har bakin rijiya yana nishi. In baƙi sun taru, matarsa ta ɗebo ruwa ta ba shi. Ya kurɓa, ya yi karkarwa, ya zabura tsaye yana ihu, "Na warke!" Nan take a yi wa jarkokin ruwan rijiyar da matar ke sayarwa wawa.

'Yan gari sun sani sarai. Suka yi gum, don ciniki na tafiya. Har suna suka sa masa, wai Na-warke.

Ya 'yan uwa, wa yake cuta? Talaka ne da ya ɗoro mahaifiyarsa a amalanke, ya baro maganin asibiti saboda ya ga gurgu ya miƙe. Wannan ba wayo ba ne, rashin kunya ne da ƙazantar zuciya.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, ya ja jiki ya iso yadda ya saba. Ya kurɓi ruwa. Ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Hannun dama ya saki, baki ya karkace, miyau na zuba.

Mai shayi ya leƙo ya tuntsire da dariya, ya ce, "Kai, yau har da baki? Lallai ka ƙware!"

Matarsa ta sunkuya ta raɗa masa, "Maigida, ya isa haka. Tashi mana, kana kashe mana kasuwa."

Yana so ya ce da gaske ne, harshe ya ƙi juyawa. Hawaye yake, ana tafa masa. Wa zai ɗauke shi? Wa zai nemo mota? Kowa na jiran ya zabura. Sai da kasuwa ta watse, ana share rumfuna, sannan aka kinkime shi zuwa asibiti. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da an ceci ƙafafun.

Yau yana nan bakin rijiyar, gurgu na gaske. In baƙo ya tausaya zai miƙa masa wani abu, sai 'yan gari su ce, "Rabu da shi, yanzu zai tashi."

Ya 'yan uwa, lafiya amana ce, ba kayan wasa ba. Wanda ya mai da ƙarya sana'a, ranar da gaskiyarsa kaɗai za ta cece shi, ba mai saurarensa.

Allah ya kiyaye mu, ya bar mu da ƙafafunmu da gaskiyarmu. Amin.