Malam Tanimu da Gurbin Barira

Jama'a, ku matso ku ji. A wani gari, shekarun baya, an yi wani bawan Allah ana ce masa Malam Tanimu. Malamin kimiyya ne a sakandaren garin. Mutum ne marar hayaniya. Daga gida sai makaranta, daga makaranta sai masallaci, a kan tsohon kekensa.

Wata shekara aka ba makarantar gurbi ɗaya a kwalejin koyon injiniyan lantarki da ke birni. Gurbi ɗaya tak. Aka ce Malam Tanimu ya gwada ɗalibai, wanda ya fi kowa shi zai tafi. Ya gwada. Wata yarinya, Barira, 'yar wani manomin albasa, ita ta zo ta ɗaya. Wa ya zo na biyu? Ku saurara da kyau. Nazifi, ɗan Malam Tanimu na cikinsa.

Shugaban makaranta ya kira shi ofis. Ya tarar da dattawan gari biyu a zaune.

Shugaban ya ce, "Malam, mun yi shawara. Nazifi zai tafi."

"Ranka ya daɗe, Barira ce ta ci."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya. "Haba Malam! Mace da hawa falwaya? Gobe in ta yi aure gurbin ya tafi a banza. Kuma ɗanka ne fa muke ba. Kai ko godiya babu?"

Malam Tanimu ya ce, "Baba, na gode. Amma ba ku ce in zaɓo namiji ba, cewa kuka yi in zaɓo wanda ya fi. Na zaɓo. Barira ce."

Shugaban ya ɓata rai. "Ka san ana neman malamin da za a tura ƙauye?"

"Na sani. A tura ni. Amma bakina ba zai faɗi wani suna ba."

Wato jama'a, na ofis mai sauƙi ne. Na gida shi ne mai zafi. Matarsa Lantana ta tare shi tun daga zaure, idonta jawur. Ta ce, "Malam, ɗanka ka hana ka ba 'yar wani? Yaron nan ya rame kan karatu!" Nazifi kuwa ya tashi ya bar masa tsakar gidan.

Kada ku zaci zuciyar Malam Tanimu dutse ce. Ya zauna ya kasa cin tuwo. Ya ce, "Lantana, wallahi ina son yaron nan ya zama injiniya fiye da yadda kike so. Amma in ya tafi da haƙƙin yarinyar nan, me zan ce wa Allah? In ce ta ci, amma mace ce?"

Da aka tara ɗalibai da safe, ya miƙe gaban kowa ya ce, "Barira ce ta zo ta ɗaya, ita ce mai gurbin." Ya faɗa, ya sake faɗa, don kada wani ya ce bai ji ba. Magana ta fita gari, babu sauran rufa-rufa. Har gona ya bi mahaifinta, wanda shi ma mutane suka fara tsoratarwa, ya ce masa, "Allah Ya ba 'yarka kai. Kada ka bari a rufe shi."

Barira ta tafi. Ita kaɗai ce mace a ajinsu, ta sha gori, ta gama, ta zama injiniya. Shi kuwa Malam Tanimu aka tura shi ƙauye, kuma can ya yi ritaya, ba a taɓa dawo da shi ba. Nazifi ya daɗe yana fushi. Sai da ya girma, ya haifi 'ya mace, ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, yanzu na gane."

To, ni ba na zo ba ku labari don daɗin baki ba ne. Da ku nake. Kai da ka ce wa 'yarka ta bar ajin kimiyya, wai lissafi na maza ne, wa ya gaya maka? Kai mai kamfani da ka ga sunan mace ka ture takardarta, wa ya ba ka izini? Ke uwa da kike cewa "bar wa yayanki kwamfutar, zo ki yi wanke-wanke," ki ji tsoron Allah. Shi da Ya raba basira bai tambaye mu ba kafin Ya ba mata. Basira amana ce, danne ta zalunci ne, ko da ɗanka ne zai ci riba. Duk wanda ya ji haushin wannan magana, ya ji. Ku koma gida yau, ku kira 'ya'yanku mata, ku tambaye su me suke son karanta. In sun faɗa, ku tsaya musu.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci, ko a kan namu.