Faifan Da Ya Rage A Gwaram

Akwai wani mutum a Birnin Kudu da ake kira Alhaji Ishiyaku mai motoci. A zamanin da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan, lokacin duk muna jihar Kano, ƙananan motocinsa na haya, kiya-kiya, su ne ke jigilar mutane zuwa Kano, wasu kuma su yi Gwaram. Allah ya buɗa masa, ba laifi. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, shi ne sana'ar mahaifinsa.

Mahaifin nasa, Dogara, makaɗin kukuma ne. Kada ku ɗauka wani shahararre ne, a'a, mawaƙin biki ne da tasha. Amma wajen shekarar samun 'yancin kai wasu masu kamfani suka kai shi Kano, suka ɗauki waƙarsa guda a faifan garmaho.

Waƙar wata mota ce da ta kafe a laka a hanyar Gwaram da damina, fasinjoji suka sauko suna turi. A can ƙarshenta yake ambaton matarsa Kubra, wai tana gida ta dama fura tana jiransa. Mata sun daɗe suna tsokanarta da wannan baiti. Waƙar ta yi tashe damina biyu ko uku a teburin mai shayi da shagon tela, daga nan aka manta da ita.

Kowa ya manta, ban da 'yan tasha. Kun san bakinsu. Duk ran da motar Ishiyaku ta lalace a hanya, sai wani ɗan kamasho ya rera, "Ku sauko mu tura, gida da nisa," a fashe da dariya. Wasu kuma su ce a bayan idonsa, ɗan maroƙi ne fa, ko ya je Makka sau goma. Wannan magana ta ci masa rai ƙwarai.

Da farko ya samu tsohon ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Abin da ake ba ka a biki ni zan riƙa ba ka."

Dogara ya dube shi, ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Ya rataye kukumar a ƙusa, bai sake taɓa ta ba.

Da a nan Ishiyaku ya tsaya da da sauƙi. Sai ya shiga bin faifan yana saya a ɓoye. Lokacin kowa ya koma kaset, garmaho ya zama tarkace, saboda haka ba wanda ya ja da shi. Ya bi Kangire, ya bi Wurno, ya bi Yalwan Damai. Duk faifan da ya samu sai ya farfasa shi, ya zuba a wata tsohuwar rijiya a bayan gari. Har wanda ke ɗakin mahaifiyarsa, naɗe a ɗankwali a cikin kwalla, bai bari ba. A ganinsa ba wanda ya sani.

Mutum ɗaya ne ya ƙi sayarwa, wani dattijo a Gwaram, Haladu tela. Ishiyaku ya tarar da shi yana ɗinki, ya faɗi abin da ya kawo shi. Maimakon ya amsa, sai Haladu ya tashi ya wana garmahonsa ya ɗora faifan, ya ce, "Zauna ka ji tukuna, Alhaji, sannan mu yi ciniki."

Mutane suka fara taruwa a bakin shago. Ishiyaku ya ji muryar mahaifinsa ta cika layi, kunya da fushi suka kama shi. Ya kai hannu ya fizge hannun garmahon mai riƙe da allura, allura ta yi ƙara a kan faifan. Ya ce, "Ka riƙe tsiyarka. Mutum da furfura yana wasan yara." Ya shiga mota ya tafi.

Shekaru suka shuɗe. Dogara ya rasu, aka yi masa sutura, manyan mutane suka zo gaisuwa saboda ɗansa. Kuɗin fetur ma suka fara ja da baya. Motoci suka tsufa, kayan gyara suka yi tsada, direbobi kullum da sabon labari. Ishiyaku ya zama mutum mai yawan shiru, ya dawo daga tasha ya zauna a zaure, ko takalmi ba ya iya cirewa don gajiya.

Sai ga wani abin takaici. Rediyo ta fara sa waƙoƙin da, na zamanin garmaho, mutane suka shiga marmarinsu. Manyan alhazan da yake jin kunya su ne ke sa su a mota suna kaɗa kai. Wani ma ya ce masa, "Alhaji, wai ina waƙar nan ta mahaifinka? Wallahi ina sonta." Ishiyaku ya ce bai san inda take ba.

Ita kuwa mahaifiyarsa, Inna Kubra, idonta ya tafi. Wata rana da hantsi ya shiga gaishe ta, ya tarar ba ta taɓa kokonta ba.

Ya ce, "Inna, jikin ne?"

Ta ce, "Jiki da sauƙi, Alhaji. Babanka nake nema. Fuskarsa tana nan a zuciyata, amma muryar ta ɓace mini. Na yi na yi in tuna, ta ƙi. Da zan ji inda yake kiran sunana ɗin nan sau ɗaya, da na huta."

Ba ta ce masa komai game da kwalla ba. Ya tashi ya fita.

Jama'a, neman abin da ka ɓatar da hannunka ya fi kowane nema wahala. Ya koma duk garuruwan da ya bi a da. Ko'ina amsa ɗaya ce: "Ai kai ka saye, Alhaji." Ya je Kano, aka ce kamfanin ya daɗe da rufewa. Har bakin rijiyar nan ya je ya tsaya, ya tarar an cike ta, wani ya shuka gero a kai.

Ya san inda ya rage. Ya yi ta ɗaga tafiyar, yau ciwon kai, gobe mota ba lafiya. Amma kullum ya shiga gaishe da tsohuwa sai ta juyo da fuska wajen ƙofa, ko da wani labari. Ran nan dai ya kama hanyar Gwaram.

Haladu ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa keken ɗinki, yana zaune a tabarma a bakin shago. Ishiyaku ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ni ne Ishiyaku ɗan Dogara. Na yi maka rashin kunya a nan wurin. Na zo ka yafe mini."

Haladu ya ce, "Na gane ka tun daga tafiyarka. Irin ta mahaifinka ce. Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Me ke tafe da kai?"

Ishiyaku ya gaya masa halin da Inna take ciki. Dattijon ya ce, "Bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba. Bayan zuwanka, ran kasuwa, mahaifinka ya zo nan da kansa. A tabarmar nan ya zauna. Ya ce, Haladu, don Allah ka ba yaron nan faifan ya fasa, ya huta. Yana cikin manyan mutane, kada in zame masa abin kunya."

Ishiyaku ya ɗago kai. "Ya san ina fasawa?"

"Tun daga na farko. Ai shi ya riƙa gaya wa mutane su sayar maka. Ni ne na ce masa a'a. Na ce ɗanka ne, amma muryar ba taka ba ce kai kaɗai."

Ishiyaku ya fashe da kuka. Babban mutum, mai motoci, hawaye na zuba a kan babbar riga.

Ishiyaku ya miƙa kuɗi, Haladu bai karɓi komai ba. Ya sa aka fito da garmahon da faifan, ya ce da kansa zai kai, don allura ɗaya ce ta rage masa mai kyau. Suka iso Birnin Kudu bayan la'asar, aka shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakar gida. Haladu ya wana, ya ɗora allura.

Aka ji ƙara kamar ana soya gyaɗa, sai kukuma ta taso, sai murya. Inna ta miƙe zaune. Ta yi murmushi, ta ce, "Shi ne. Ranar mura yake yi. Na ce kada ya je Kanon nan, ya ƙi."

Mota ta kafe, fasinjoji suka sauko, ana ta turi. Inna ta gyara ɗankwali tana jiran baitinta. Sai allura ta iso wani dogon karce, ta tsaya nan tana maimaitawa: gida da nisa, gida da nisa, gida da nisa.

Haladu ya ɗaga ta ya matsar gaba, ba a jin komai sai ƙara. Ya sake gwadawa, haka dai. Bai dubi Ishiyaku ba, kuma bai faɗi wanda ya yi karcen ba. Ishiyaku ya sani.

Inna ta ce, "Ya ƙare ke nan?"

Ishiyaku ya matso, ya ce, "Inna, ni na lalata shi. Da wanda ke cikin kwallarki, da sauran duka."

Ta laluba ta dafa kansa. "Na sani, Alhaji. Babanka ya ce kada in yi maka magana." Ta juya wajen garmahon. "Malam Haladu, sake sa mini daga farko. Rabin ma na gode Allah."

An ɗauki rabin waƙar a kaset, Inna ta yi ta ji har Allah ya yi mata rasuwa. Sunanta kuwa, ba ta sake jin sa a bakin mijinta ba.

Darasi: Kada ka ji kunyar sana'ar da aka ci da kai da ita. Iyaye suna ganin abin da muke yi musu, shiru kawai suke yi don kada su kunyata mu. Abin da girman kai ya fasa, nadama ba ta ɗinke shi duka. In naka suna raye, je ka zauna ka saurari muryarsu yau. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila wani ya gyara tun da sauran lokaci.