Ranar da Aka Ɗauki Ƙarshen Mai Lauje

A garin Gumel akwai wani matashi mai suna Zaharaddini, wanda abokansa ke kira Darakta. Yana da hazaƙa, kuma ba mugu ba ne, amma Allah ya jarabce shi da girman kai. Shekara uku da suka wuce shagon cajin waya gare shi a bakin tasha. Da kyamarar aro ya shirya wani fim na ban tsoro ya sa masa suna Mai Lauje, labarin wani mutum da ke rufe fuska da buhu yana bin mutane cikin gonaki yana yanka su. Da ya ɗora a intanet, sai ga masu tura fina-finai a waya daga Gumel har Maigatari suna ta rububinsa. Ya yi kashi na biyu, ya yi na uku, har ya kai na shida, kowane ya fi na baya jini. Tun daga nan kansa ya kumbura. Ko dattijo ne ya gaishe shi, yatsu biyu kawai yake ɗaga masa.

Wanda ke fitowa a matsayin Mai Lauje amininsa ne Usaini, tela a kasuwar Gumel. Dogon mutum ne mai sanyin hali, kuma saboda buhun nan babu mai kallon da ya san fuskarsa. Matarsa Tayyiba ba ta son wannan harka ko kaɗan. Usaini ya yi mata alkawari cewa kashi na bakwai shi ne na ƙarshe, daga shi ya koma kan keken ɗinkinsa.

Zaharaddini ya ƙudurta cewa kashin ƙarshen nan sai an daɗe ana maganarsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wani mai kallo da ya rubuta cewa jinin Mai Lauje ai zoɓo ne da sitaci. Gaskiya mutumin ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Don haka ranar ɗauka, da sassafe ya tafi kwata ya cika jarka da jinin saniya, ya haɗo da hanji da tumbi a leda. Ya kuma zaɓi wata gona a wani ƙauye da ke bayan Ɗanzomo, inda ya taɓa hango wata tsohuwar kuka a tsakiyar karan gero.

Su huɗu suka kama hanya bayan azahar. Gambo ne direba, Zaharaddini na kusa da shi rungume da kyamara, Usaini da wata 'yar wasa mai suna Jannatu suna baya. Ƙarnin jinin ya cika motar, Jannatu ta toshe hanci da mayafi. Da suka sauka daga kwalta, sai Usaini ya dubi Zaharaddini.

"Darakta," ya ce, "ka dai sanar da mai unguwar garin ko?"

"In sanar da shi me?"

"Cewa za mu shiga gonar mutane da wannan kaya. Ka san kwanan nan ana ta yaɗa jita-jita a waya, wai masu yankan kai sun shigo yankin. Mutane a tsorace suke."

Zaharaddini ya yi tsaki. "Ka san halinsu. Mu je a shimfiɗa mana tabarma, a kawo ruwa, a tambayi lafiyar kakanninmu, kafin a gama rana ta faɗi. Sannan gari duka ya biyo mu kallo, wani ya ɗauka a waya, gobe kowa ya san yadda fim ya ƙare."

"Minti goma ne fa. Gaisuwa ce kawai."

"Malam, akwai wanda bai san Mai Lauje ba a ƙasar Gumel? Ka bar ni in yi aikina."

Gambo ya sa baki, "Wallahi Darakta, da an gaishe shi ɗin ya fi."

"Kai tuƙi aka ɗauko ka," in ji Zaharaddini.

Usaini ya juya yana kallon hanya. Ya yi tunanin ya ce ya fasa, sai ya ji nauyin abokinsa.

Da suka isa, Zaharaddini ya karɓe wayar kowa ya kulle a motar, don kada wani ya yi hoto. Ya ce wa Gambo ya koma da motar can bakin hanya, kada ta fito a fim, kuma kada ya dawo sai rana ta kusa faɗuwa. Gambo ya juya ya tafi yana girgiza kai.

Lokacin kaka ne, an girbe gero ana ɗauri. Daga nesa ana jiyo muryoyin maza a wata gona, amma dogayen karan dawa sun tsare tsakani. Zaharaddini ya kwantar da Jannatu a gindin kukar, ya kwarara mata jini tun daga wuya har ƙafa, ya jibga mata hanjin a ciki. Ya jiƙe rigar Usaini sharkaf, ya saka masa buhun a kai ya ɗaure da igiya ta bayan wuya, ya ƙulle tam don kada ya zame. Sannan ya miƙa masa laujen.

"Wannan ƙullin ya yi tsauri," in ji Usaini daga cikin buhu. "Ba zan iya kwancewa da kaina ba."

"Ni zan kwance maka in mun gama. Kai dai duk abin da ya faru, kada ka tsaya sai ka ji na ce a yanke."

Daga nan ya ɗauki kyamara ya yi nisa, ya shige cikin karan dawa ya durƙusa, yadda ba mai ganinsa. So yake hoton ya fito kamar wani ne ya ɓuya yana leƙen kisa. Ya ɗaga murya ya ba da umarni, aka fara.

Usaini ya sunkuya kan Jannatu, ya ɗaga lauje, ya ciro hanjin yana ja. A daidai wannan lokaci wasu mata biyu suka ɓullo ta 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonar, suna ɗauke da kwanukan abincin masu ɗaurin gero. Ta gaba ta yi turus. Kwano ya suɓuce daga kanta. Ta ƙwalla ƙara, ta bayanta ta ɗauka, suka juya da gudu suna kururuwa, "Wayyo Allah! Jama'a ku kawo ɗauki! Mai yankan kai! Ya kashe mace!"

Usaini ya miƙe tsaye ya juya wajen karan dawar. "Darakta?"

Zaharaddini ya ji shi sarai. Amma idonsa na kan kyamara, kuma abin da ya gani ya tafi da hankalinsa. Matan nan sun shigo cikin hoton, firgitarsu ta gaske ce, irin wadda bai taɓa samu daga 'yan wasansa ba. Zuciyarsa ta ce masa ya fito yanzu ya yi magana. Wata zuciyar ta ce ya ƙara ko da minti ɗaya ne, ai in mutane sun zo zai yi musu bayani. Ya bi ta biyun, ya ci gaba da ɗauka.

Ba a daɗe ba karan dawa ya fara motsi ta ko'ina. Maza suka fito, sun fi ashirin, wasu da sanduna, wasu da magirbi, wani da taɓarya. Suka ga mace kwance cikin jini, ƙudaje na bin hanji, ga ƙato a tsaye babu fuska, lauje a hannunsa.

"Ga shi nan! Kada ku bari ya tsere!"

Usaini ya yar da laujen, ya kai hannu bayan wuya yana fama da igiyar, ta ƙi kwantuwa. "Ku tsaya! Fim ne! Wallahi fim ne!" Buhu ya danne muryar, ihun mutane ya haɗiye sauran. Tsoro ya kama shi ya ranta a na kare, kuma gudun nan shi ya tabbatar musu da zarginsu. Ta 'yan hudojin buhu ba ya ganin gabansa sosai. Bai yi nisa ba ya yi tuntuɓe da kunya ya kifa.

Sai a lokacin Zaharaddini ya farga. Ya yi wurgi da kyamarar ya fito a guje yana ihu, "Ku bari! Abokina ne! Ni ne Darakta, ni ne mai Mai Lauje!" Babu wanda ya san wani Darakta a wurin. Wani ya ga jini a hannunsa ya ce, "Ga ɗan'uwansa!" Aka kai masa sanda a kafaɗa, aka danne shi a ƙasa. Daga inda yake kwance yana hango sanduna na hawa suna sauka, yana jin Usaini na kiran sunansa. Ya laluba aljihu don ya kira Gambo, ya tuna wayoyin suna mota.

Jannatu, wadda tsoro ya daskarar da ita, ta yunƙura ta miƙe tana kuka. "Don Allah ku bari! Da raina! Ba abin da ya yi mini!" Waɗanda suka waiwayo suka ga gawa ta tashi hanji na zuba, suka watse suna salati. Wannan 'yar tazarar ce ta ba wani dattijo damar kutsowa tsakiya. Mai Unguwa Ɗahiru ne, kururuwar ce ta taso shi daga ƙofar gidansa. Ya tsaya a kan Usaini ya buɗe hannuwa.

"Duk wanda ya ƙara ɗaga sanda, ni ya daka!"

Mutane suka sauke sanduna. Mai Unguwa ya sa aka yanke igiyar da wuƙa aka zare buhun. Fuskar wani bawan Allah ta bayyana, idanu a rufe, numfashi sama-sama. Hannunsa na dama, wanda ya riƙa kare kansa da shi, ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Yanzu ba a iya bambance jinin kwata da nasa.

Mai Unguwa ya saurari bayanin Jannatu, sannan ya juya ga Zaharaddini. "Yaro, daga ina kuke?"

"Daga Gumel, ranka ya daɗe."

"Gumel ɗin nan tamu? To a Gumel haka ake shiga gonar mutum ba sallama? Gidana ga shi can, kana hango rufinsa daga nan. Da ka tsaya ka gaya mini, da na sa an yi shela, da waɗannan da suka dake shi su ne za su tsare maka hanya. Yanzu ka ja wa abokinka, ka kuma ja wa mutanena alhakin da ba su nema ba."

Zaharaddini ya kasa ɗaga ido. Aka aika mai babur ya kirawo Gambo. Duk tsawon hanyar asibiti kan Usaini na bisa cinyar Zaharaddini, yana ta sa kunne a hancinsa don ya ji ko yana numfashi. Ba abin da yake maimaitawa sai, "Allah ka bar shi, Allah ka bar shi."

Allah ya bar shi. Amma bayan kwana biyu likita ya ce ƙasusuwan hannun sun farfashe, jijiyoyin yatsu sun lalace. Za a ceci hannun, sai dai ba zai ƙara riƙe almakashi ba. Tayyiba tana tsaye aka faɗi haka. Ba ta yi wa Zaharaddini ko kallo ba, ta ɗauki buta ta fita.

Zaharaddini ya matsa bakin gadon. "Usaini, ka yafe mini. Wallahi ban zaci abin zai kai haka ba."

Usaini ya yi magana yana kallon silin. "Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Lokacin da matan nan suka yi ihu, na kira ka. Ka ji ni?"

Zaharaddini ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya kasa. "Na ji."

"To me kake yi?"

"Ina ɗauka."

Usaini ya gyaɗa kai a hankali. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido. "Na yafe wa mutanen can," ya ce, "su ba su san ni ba." Daga nan ya juya fuskarsa bango. Kashi na bakwai bai taɓa fitowa ba, kuma har yau in Zaharaddini zai ratsa kasuwar Gumel, zagaye yake yi don kada ya bi ta layin teloli.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk matsayin da mutum yake ganin ya kai, kada ya raina sallama da neman izini a inda yake baƙo, domin mutanen wuri su suka san abin da ke tsorata su. Kada kuma ya toshe kunne daga shawarar wanda zai ɗauki haɗarin a jikinsa. Mafi muni shi ne mutum ya fifita aikinsa da sunansa a kan ran wanda ya amince da shi. Gaisuwar minti goma Zaharaddini ya raina, minti ɗaya kuma ya ƙara don son a yabe shi, amininsa ya rasa hannun da yake ci da iyalinsa, shi kuma ya rasa aminin.