Mai Kaji da Allurar Zafin Motarsa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai kiwon kaji. Yana da gona a bayan gari, yana kai ƙwai kantuna. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, sallah ba ta wuce shi. Ciwonsa guda ɗaya ne, mugun zato. In mutum biyu suka yi dariya a bayansa, da shi suke. In aka yi masa ragi a ciniki, kayan ne ke da aibi. In aka gaishe shi da fara'a, akwai abin da ake nema. Shi kuwa sunan da ya sa wa wannan hali shi ne wayo.

Da kasuwa ta buɗe masa, sai ya je filin wani dillalin motoci ya ga wata a-kori-kura mai shan dizal, ta hannu, fara, ƙofarta ɗaya ba launin sauran ba. Ya shiga ƙarƙashinta, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya shinshina, ya ƙwanƙwasa jikinta ko'ina. Wannan duk daidai ne, haka ya kamata mai saye ya yi. Da aka gama ciniki, dillalin ya miƙa masa makulli ya ce, "Maigida, motar nan ta sha aiki. Kafin ka fara lafta mata kaya, ka sa a wanke mata lagireto."

Mai Kaji ya yi murmushi. A ransa ya ce, wato akwai yaronsa da yake son ya tura ni wurinsa. Bai wanke ba.

Da farko lafiya lau. Amma a hanyar gonar akwai wani dogon hawa. Wata rana suna hawansa da buhunan abincin kaji, ƙanensa, wanda shi ke taya shi tuƙi da sauke kaya, ya nuna allurar da ke gwada zafin inji. Ta bar tsakiya tana rarrafawa wajen ja. Da suka sauka kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ta koma wurinta. Washegari ma haka.

"Yaya, mu kai ta gareji tun abin yana ƙarami," in ji ƙanen.

Suka kai. Bakaniken ya bar injin ya huce, sannan ya buɗe murfin lagireto ya ga ruwan ya yi ja da tsatsa. Ya taɓa fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka, bai saki ba. Ya duba baƙin mai, ruwa bai shiga ba. Ya ta da motar, ba farin hayaƙi, ba kumfa a cikin ruwan. Da ta ɗumama ya kashe ta, ya bi jikin lagireton da tafin hannu. Gefe ya ɗau zafi, tsakiya kuwa sanyi ƙalau.

"Ka ji nan?" ya ce. "Ruwa ba ya bi ta nan, ya toshe. Injinka bai taɓu ba tukuna. A kwance lagireto a wanke, shi ke nan. Kafin nan kada ka yi mata kaya mai nauyi. In kuma ta tafasa maka a hanya, ka kashe ka jira. Kada ka kuskura ka buɗe murfin nan da zafi."

Ya 'yan uwa, akwai magana mai sauƙi kamar wannan? Har Mai Kaji ya fara gyaɗa kai. Sai ga dillalin nan ya shigo garejin da wata motar. Ya miƙa wa bakaniken hannu, suka tafa, suka tambayi juna iyali. Mutane biyu da ke cin abinci a kan mota, a unguwa ɗaya, me zai hana su san juna? Amma Mai Kaji ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ashe bakinsu ɗaya! Wannan ya ce lagireto, wancan ma ya ce lagireto. Ya rufe bonet da ƙarfi, ya ja motarsa ba ko sallama.

Daga nan ya shiga yawon gareji. Duk inda ya je ba ya faɗin abin da aka gaya masa a baya, sai ya harɗe hannu ya zuba ido, kamar mai jiran ya kama ɓarawo. Wanda ya ce lagireto, to labari ya riga ya iso masa ta waya. Wani ya ce a duba famfon ruwa ma, sai Mai Kaji ya ce ka ga ni, ko ƙaryar ba su iya shiryawa ba. In sun haɗu a kan magana, makirci ne. In sun saɓa, ƙarya ce. To ta wace ƙofa gaskiya za ta shigo wa irin wannan mutum?

Ya koma filin dillalin, lokacin akwai masu saye suna zagaya motoci. Ya ɗaga murya. Dillalin ya ja shi gefe ya ce, "Ka kawo ta. Ni zan sa a wanke, ba sai ka ba da komai ba. Gobe ka zo ka ɗauka."

"Ta kwana a hannunku?" in ji Mai Kaji. "Ku kwance mai kyau ku ɗaura mini ruɓaɓɓe? Ai na san irinku. Ɓarayi!"

Ni ban ce muku dillalin nan waliyyi ne ba. Wataƙila ya san motar na zafi fiye da yadda ya faɗa, wataƙila bai sani ba. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, Mai Kaji ma bai sani ba, amma ya kira mutum ɓarawo a gaban jama'a.

Da zato ya gama cin na waje, sai ya shigo gida. Mai Kaji ya zauna ya yi ta saƙa da warwara, har ya tuno cewa ranar da allurar ta fara tashi, ƙanensa ne ya sayo mai. Ya same shi a ɗakin ajiya yana jera ƙwai a kiret.

"Me kake zuba wa motar nan in ba na nan?"

"Dizal mana, Yaya."

"Ko dai kana gauraya shi da kananzir, sauran kuɗin ya shige aljihu?"

Ƙanen ya tsaya da ƙwai a hannu. Ya daɗe yana kallonsa. "Yaya, ni?" Ya ajiye ƙwan a hankali, ya ɗora makullin motar a kan kiret, ya fita. Ciki ɗaya suka fito, tare suka kafa gonar nan tun tana kaji kaɗan a bayan ɗaki.

Matar Mai Kaji ta same shi a tsakar gida ta ce, "Baban yara, don Allah ka bari a wanke lagireton nan kowa ya huta."

Ya juyo a hankali. "Ke a ina kika koyi kalmar lagireto? Da wa kike magana a waje?"

Kalmar da shi da kansa ya cika gidan da ita safe da yamma! Daga ranar ta daina sa masa baki a komai.

Saura wa bai zarga ba? Saura allurar. Ya tuna bakaniken farko ya sa hannu wajen wasu wayoyi a jikin injin. Ai shi ke nan, ya taɓa wani abu don allurar ta riƙa tsorata shi. Motarsa lafiyarta ƙalau. Ya samo baƙin salatif ya manne gilashin allurar, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi.

Ya loda ƙwai har sama da bodi, shi kaɗai, da tsakar rana, ya kama hanya. A tsakiyar hawan nan ƙarfin motar ya fara raguwa. Wani wari kamar na roba ya shigo masa. Sai tururi ta ƙarƙashin bonet. Ya gangara gefe ya tsaya, ya ɗaga bonet, yana jin ruwa na ƙugi a ciki.

Wani direban babbar mota da ke hawa a hankali ya leƙo ta taga ya yi ihu, "Malam, kada ka buɗe! Bari ta huce!"

Mutumin da bai san shi ba, bai taɓa ganinsa ba, ba abin da zai samu. Amma me Mai Kaji ya ce a ransa? Har da wannan? Me ke cikin murfin nan da kowa ba ya son in gani? Ya naɗe hannu da tsumma, ya sunkuyar da fuska don ya gani da kyau, ya murɗa.

Tafasasshen ruwa da tururi suka tashi suka same shi a fuska.

Direban ne ya kai shi asibiti. Ido ɗaya ya tafi, ɗayan ba ya ganin komai sai inuwa. Ƙwan ya yini a rana a bakin hanya. Kan injin ya tsage, motar ta zama ta masu sayen ƙarfe. Kajin kuwa, da ba mai tsaya musu, ciwo ya shiga cikinsu, abin da ya rage aka sayar.

Na je duba shi bayan an sallamo shi. Yana zaune a kan tabarma a zaure. Ƙanensa na gefe, shi ke kai shi wankin ciwo yana dawo da shi. Matarsa ta aiko da ruwa, ƙanen ya sa masa kofin a hannu. Na ga Mai Kaji ya kai shi hanci ya shinshina kafin ya sha. Na yi masa sannu, na yi masa addu'a. Ya karkato da kunne wajena ya ce, "Malam, wa ya aiko ka?"

Ya 'yan uwa, bincike ba laifi ba ne. Ka duba mota kafin ka saya, ka tambayi masana, ka kira shaidu. Amma bincike yana da inda yake tsayawa, in hujja ta zo sai ya miƙa wuya. Zato ba ya ƙoshi. Allah ya hana mu yawan zato ne don ya san abin da yake ci: yana cin haƙƙin wanda ka zarga, ya ci zumunci, ya ci aure, daga ƙarshe ya toshe maka kunne ranar da wani zai yi maka ihu don ya cece ka. Kowannenmu ya tambayi kansa yau, wa na yanke wa hukunci a zuciyata ba tare da na ga komai ba? In akwai shi, ka je ka nemi gafararsa tun kana da idon gane ƙofar gidansa.

Allah ya wanke zukatanmu daga mugun zato, ya ba ɗan uwan nan namu lafiyar jiki da ta zuciya, ya saka wa masu haƙuri da shi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyalanmu. Amin.